Yadda na ɗora darussan ɗalibaina a PeerTube daga Damagaram

Abokan aikina malamai da dama sun tsayar da ni, wasu a bakin lakwal wasu ta waya, suna tambayar yadda aka yi darussan lissafin da nake ɗauka da salula suka koma wani wuri da ake kira PeerTube, da kuma ko su ma za su iya. Za su iya ƙwarai. Sai dai akwai wurare a hanyar da mutum zai tsaya yana dube-dube bai san inda zai sa ƙafa ba, kuma yawancin bayanin da ake samu an rubuta shi ne don mutanen da intanet ba ta yanke musu, kuran ba ya ɗauke musu. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin tun daga farko, yadda ya faru da ni a nan Zinder.

Ina koyar da lissafi a wani kolej, kuma ƴan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawar BEPC su ne suka fi tsaya mini a rai. A aji da Faransanci ake koyarwa, amma duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san cewa yaron da ya kasa gane ƙa'idar Tales sau uku da Faransanci yakan gane ta nan take idan aka warware masa da Hausa. To sai na fara jingine allo a zaure bayan la'asar, in kafa waya, in ɗauki darasi na minti goma ko ƙasa da haka, in tura a gurup ɗin WhatsApp na iyaye da ɗalibai. Abin ya yi amfani, amma bai daɗe ba matsalolinsa suka fito. Wayar da yaro ke kallo da ita ta uwarsa ce ko ta yayansa, da ta cika sai a goge bidiyon Mushe, wato ni malaminsu. Wanda ya shigo gurup daga baya sai ya roƙi darasin da aka tura tun watanni, in sake turawa, mega ɗina ya sake ƙonewa. Manyan shafukan bidiyo kuwa, wani uba ya zo har gida ya ce mini: "Mushe, na ba ta waya ne don karatu. Idan darasinka ya ƙare, me zai biyo baya?" Ba ni da amsar da zan ba shi, don ba ni ke zaɓar tallan da zai fito ba, ba ni ke zaɓar bidiyon da za a jera a gefen nawa ba.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Jami'ar André Salifou, shi ya fara ambata mini PeerTube. Ya ce: "Kawu, wannan manhaja ce, ba kamfani ba. Kowa na iya ɗaukarta kyauta ya kafa nasa wurin bidiyo." Daga baya na karanta tarihinta da kaina. Wani ɗalibi Bafaranshe da aka sani da laƙabin Chocobozzz ya fara rubuta ta a 2015, ƙungiyar Framasoft mai mazauni a birnin Lyon, wadda ba ta neman riba, ta ɗauke shi aiki a 2017, jama'a suka yi karo-karo a 2018 aka tara sama da euro 53,000, sannan cikakken zubi na farko ya fito a watan Oktoba na shekarar. Rubutun da aka gina manhajar da shi a buɗe yake ƙarƙashin lasisin AGPL, wato duk mai ilimin abin zai iya dubawa ya ga me take yi da bayanan mutane, ya gyara, ya raba gyaran. Ni ban iya karanta irin wannan rubutu ba, amma sanin cewa wasu na iyawa kuma suna yi ya kwantar mini da hankali.

Ruɗanin farko ya same ni ne a ƙofar shiga. Na buɗe joinpeertube.org ina neman inda zan yi rajista kamar yadda ake yi a Facebook, ban ga wurin ba. Na hau na sauka, babu. Ashe wannan shafin na bayani ne kawai da nuna hanya. PeerTube ba wuri ɗaya ba ne, wurare ne masu yawa, kowanne da mai shi, da dokokinsa, da kwamfutar da yake ajiye bidiyo a kai. Abin da ya fi kama da shi a wurina shi ne yadda kakanninmu ke ba da labarin Zango lokacin ayari: baƙo ba ya sauka a gari haka kawai, sai ya sami mai masauki, shi zai ajiye masa kaya, shi zai tsaya masa, kuma masu masaukin sun san juna suna tura wa juna baƙi. Haka waɗannan masaukai suke magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, irin wadda dandalin sada zumunta na Mastodon ke aiki da ita, har mutumin da ya yi rajista a wani masauki ya iya bin tashar da ke wani dabam, ya yi sharhi a kanta, ba sai ya sake rajista ba.

A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan nake son kowa ya daɗe. Shafin yana da jerin masaukai da ake iya tacewa da harshe da kuma irin batun da suke karɓa. Na zaɓi Faransanci da ilimi, don in iya karanta dokokin kuma in iya rubuta wa masu wurin idan wani abu ya taso. Kowane masauki yana da shafin bayani game da kansa, kuma PeerTube ta tanadi guraben da mai wurin zai cika: su wane ne su, don me suka buɗe, har yaushe suke da niyyar riƙe shi, da me suke biyan kuɗinsa. A ƙasa akwai jadawali da ke nuna yawan wurin ajiya da ake ba kowane mutum, yawan abin da zai iya ɗorawa a rana ɗaya, da ko ana juya bidiyo zuwa matakan ingancin hoto daban-daban. Na ga masaukan da suka bar waɗannan guraben fayau, na wuce su. Wanda bai iya faɗin sunan ƙungiyarsa ko inda kuɗinsa ke fitowa ba, ba zan ba shi ajiyar aikin shekara ba. Na ga wasu masu kyau amma sun rufe rajista, wasu kuma na malaman wata ƙasa ne kaɗai. Na kuma buɗe shafin farko na kowanne na duba irin bidiyon da ke kai, da idon uban nan da ya zo gidana, domin dokar abin da ake ɓoyewa da abin da ake bari ta bambanta daga masauki zuwa masauki. Wani abin da na dage a kai shi ne masaukin ya kasance yana juya bidiyo har zuwa 240p ko 360p, wato ƙananan matakan inganci masu cin mega kaɗan. Wanda ya tsaya a 720p zuwa sama bai dace da ɗalibin da ke unguwar Kara-Kara ko Garin Malam da ɗan forfe na kwana ɗaya ba.

Wanda na tsaya a kansa na wata ƙaramar ƙungiya ce mai harkar ilimi, kuma ba a buɗe asusu kai tsaye, sai an nema an jira amincewa. Ba su nemi katin ɗan ƙasa ba, ba su nemi lambar waya ba, ba su nemi ko dala ba. Adireshin imel kawai, da sunan shiga, da kalmar sirri, da ƴan layuka na dalilin da ya sa nake son asusun. Sunan shiga ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, sai ƙananan haruffan boko na yau da kullum da lambobi, amma sunan da mutane za su gani yana karɓar komai. A gurbin dalili na rubuta gaskiya: ni malamin lissafi ne a Nijar, bidiyona da Hausa suke, gajeru ne, ni na ɗauke su da kaina, babu kiɗan kowa a ciki. Na ambaci harshen da gangan, saboda masu kula da wurin ba sa jin Hausa, kuma suna da haƙƙin sanin abin da za su ɗauki nauyinsa. Daga nan sai jira. Kwanaki suka wuce shiru, har na fara tunanin an ƙi ni. Mutanen nan ƴan sa-kai ne, suna da aikinsu na cin abinci, da dare ko ƙarshen mako suke duba buƙatu. Amsar kuwa ta riga ta iso, tana kwance cikin akwatin da imel ke jefa saƙonnin da yake zargi, tare da wata tambaya cikin ladabi: ko zan iya rubuta taƙaitaccen bayanin kowane darasi da Faransanci a ƙarƙashinsa? Na amsa da to, washegari aka buɗe mini. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don ta nuna mini mutum ne ya karanta abin da na rubuta.

Bayan shiga akwai wani ɗan bambanci da ke rikita sabon zuwa: asusu daban, tasha daban. Asusu shi ne kai, tasha ita ce inda bidiyo ke zama, kuma mutum ɗaya na iya buɗe tasha fiye da ɗaya. Na buɗe ɗaya don ajin ƙarshe, ɗaya don ajin da ke bi masa, na jera darussan cikin jeri bisa tsarin manhajar karatu, yadda yaro zai fara daga Pitagor ya gangaro ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ɗora bidiyon farko shi ne ya fi ba ni wahala. Waya ta zamani idan ta ɗauki minti goma a 1080p, fayil ɗin yakan haura jiga ɗaya. Da irin rezon da muke da shi da rana, wannan ba abin da za a tura ba ne, kuma zai cinye wurin ajiyar da aka ba ni cikin ƴan darussa. Ɗan ƙanwata ya saka mini HandBrake a ordinater, ita ma manhaja ce kyauta mai buɗaɗɗen rubutu, muka matse bidiyon zuwa 480p ya dawo ƙasa da mega 80, rubutun allo kuma yana karantuwa sarai. Na ɗauki ordinater ɗina na hau kabu-kabu zuwa wani siber da ke kusa da Kasuwar Dole. Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, fanka tana juya iska mai ɗumi, ina zaune ina kallon layin nan yana tafiya kaɗan-kaɗan. Ya wuce rabi sai aka ɗauke wuta, mai siber ya fita tayar da inji, ni kuwa gabana ya faɗi don na ɗauka aikin ya koma farko. Ordinater ɗina na kan batir, shafin bai rufe ba, da haɗin ya dawo sai ɗorawar ta ci gaba daga inda ta tsaya. PeerTube na tura fayil ne gutsure-gutsure, shi ya sa yankewar rezo ba ta kashe aikin gaba ɗaya. Daga baya na daina zuwa siber, na koma ɗorawa daga gida bayan sallar asuba, lokacin da gari bai tashi ba rezo kuma yana da sauƙi.

Gama ɗorawa ba shi ne fitowar bidiyo ba. Na cika suna da bayani, na zaɓi harshe da lasisi, na zaɓi wa zai gani: kowa da kowa, ko mai adireshin kaɗai, ko ni kaɗai, ko wanda aka ba kalmar sirri. Sai na ga an rubuta ana kan juya shi. Kwamfutar masaukin ce ke sarrafa fayil ɗin zuwa matakan inganci daban-daban, kuma ƙaramin masauki ba shi da injuna irin na manyan kamfanoni, bidiyo na bin layi ne. Bayan wannan ma sai na tarar an tsare shi har mai kula ya duba, domin wasu masaukai suna yi wa bidiyon sababbin mutane haka. Na riga na faɗa wa yara cewa da dare za su gani, dare ya yi babu komai, saƙonni suka yi ta shigowa: "Mushe, bai buɗe ba." Sai da rana ta biyu ya fito. Tun daga nan nake ɗora darasi kwanaki kafin ranar da nake son a kalla, kuma bayan sun saba da ni suka cire mini wannan tsarewar.

Yanzu ga abin da ya fi kowanne muhimmanci ga mu mutanen nan, kuma ban ga an ja hankali a kansa yadda ya kamata ba. PeerTube na rage wa masauki nauyi ta hanyar sa masu kallo su taimaki juna: idan mutane da yawa na kallon bidiyo ɗaya a lokaci guda, na'urar kowannensu na iya tura wa sauran guntayen da ta riga ta sauke. Dabara ce mai kyau, ita ta sa ƙaramar ƙungiya ke iya riƙe wurin bidiyo ba tare da dukiyar kamfani ba. Amma ta fi dacewa da wanda intanet ɗinsa ba ta da iyaka. Wata ɗaliba ta same ni bayan aji da wayar mahaifiyarta a hannu, ta ce: "Mushe, darasi biyu kawai na kalla, Inna ta ce na cinye mata mega." Muka buɗe tare a ordinater. A ƙasan bidiyon akwai ƴan kibau biyu ƙanana, ɗaya na kallon ƙasa ɗaya na kallon sama, da adadin mutanen da ake musaya da su. Kibiyar sama ita ce abin da na'urarka ke bayarwa, kuma kamfanin waya yana ƙirga shi kamar yadda yake ƙirga abin da ka sauke. Da yake dukan ajin na kallo da dare ɗaya, mai yiwuwa suna ta tura wa juna. Ban da haka, ingancin yana kan zaɓin kai-da-kai, yana hawa sama duk lokacin da rezo ya yi kyau. Maganin yana cikin saitin bidiyo, inda ake kashe taimakawa wajen raba abin da ake kallo, ko da mutum ba shi da asusu, sannan a danna alamar saiti a jikin bidiyon a tsayar da shi a 240p ko 360p. Akwai dalili na biyu na kashewa ga yara: yayin wannan musaya, sauran masu kallo na iya ganin lambar IP ta na'urarka, wato adireshinta a intanet, kuma PeerTube da kanta ba ta ɓoye wannan ba, tana faɗa a fili. Na ɗauki rabin awa na aji guda na nuna musu wannan a allo, kuma ina ganin duk malamin da zai tura yara can wajibi ne ya yi haka kafin ya ba su adireshin farko.

Abin da ya fi yi mana aiki a ƙarshe shi ne maɓallin saukewa. Na bar shi a buɗe a kowane darasi. Yaro ɗaya mai forfe ya sauke ƙaramin zubin, da safe ya raba wa sauran ta Xender ko Bluetooth a filin lakwal, babu wanda ya sake kashe ko sisi. Wanda wayarsa ta cika ya goge, ya san darasin na nan inda yake. Saboda 240p ɗin nan ma na canza yadda nake rubutu: manyan haruffa, layi kaɗan a allo, waya kusa, haske daga bayana. Framasoft ta fitar da manhajar waya ta PeerTube a watan Disamba na 2024, wasu yaran na amfani da ita, amma yawancinsu adireshin kawai suke dannawa daga WhatsApp ya buɗe a burauza, ba rajista ba komai.

Kada wanda ya karanta wannan ya sa ran taron ƴan kallo. Babu wata na'ura da ke tura bidiyonka gaban baƙi, kuma manhajar ba ta zo da tsarin talla da zai biya ka ba, sai gurbin da za ka rubuta yadda mai so zai tallafa maka. Binciken da ke cikin masauki yakan nuna abin da ke wurin ne da na masaukan da yake bi, shi ya sa Framasoft ta buɗe Sepia Search a 2020 don neman bidiyo a masaukai da yawa lokaci guda. Na rubuta sunan darasina a can na gan shi ya fito, na yi murna, amma masu kallona har yau ɗalibaina ne da na abokan aikina da ƴan wasu garuruwa irin Mirriya da Magariya da adireshin ya kai gare su hannu da hannu. Mai neman suna ko kuɗin talla, manyan shafuka sun fi masa. Ni abin da nake nema shi ne wurin da darasi zai zauna a tsare, a jere, kuma idan ya ƙare ba a jefa yaro inda ban sani ba.

Mun yi maganar kafa namu masauki, mu malaman lissafi na gari. Ɗan ƙanwata ya zayyana mana abin da ake bukata: hayar sabar da ke kunne dare da rana, sunan yanki, da mutumin da ya san Linux wanda zai saka PostgreSQL da Redis da FFmpeg da sauran abin da manhajar ke tsaye a kai, ya riƙa sabunta su, ya riƙa ajiye kwafi. Ajiye injin a nan gida ba zai yiwu ba saboda wuta da ƙarfin turawa. Haya a waje kuma da euro ake biya, da katin banki mai aiki a intanet, kuma tun da euro ɗaya sefa 655.957 ne, kowane euro 10 a wata ya haura jika shida da rabi, kuɗin kuma na ƙaruwa ne yadda bidiyo ke ƙaruwa. Kuɗin ba su fi ƙarfin karo-karon mutum goma ba. Abin da ya tsayar da mu shi ne mai kula: yaron zai gama jami'a ya tafi, kuma duk abin da wani ya ɗora a masaukinmu mu za a tambaya. Mun bar maganar sai mun sami mutum biyu aƙalla da za su iya riƙe aikin.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan fi nanata masa shi ne ya riƙe asalin kowane bidiyo a wurinsa, a faifan ajiya ko kile na USB biyu daban. Masauki na ƴan sa-kai na iya rufewa idan kuɗi ko ƙarfi ya ƙare, kuma ba su yi wa kowa alkawarin har abada ba. Tun 2024 PeerTube na da hanyar fitar da dukan asusu cikin fayil guda a kai shi wani masauki, ina yin haka a ƙarshen kowane zangon karatu, sai dai adireshin bidiyon zai canza idan aka ƙaura, don haka ina da takarda mai jerin darussa da adireshinsu da zan iya sabuntawa in sake rabawa. Kada a sa fuskar ɗalibi ko sunansa a bidiyon da kowa zai gani ba da yardar iyayensa ba. Ni hannuna da allo kawai ake gani. A zaɓi lasisin da ya ba wasu malamai damar amfani da darasin muddin sun ambaci mai shi, akwai irin na Creative Commons a cikin zaɓin. Idan kuma masu masaukin sun rubuto, a amsa musu da wuri, a kuma gaya musu tun farko yawan darussan da ake shirin ɗorawa a shekara, don su san ko wurin da suka ware zai isa. Ni da na gaya musu shirina na zangon da ke tafe, sun ƙara mini wurin ajiya ba tare da na roƙa ba, suka ce in ci gaba da matse fayil ɗin kafin in turo.